Zoben Goggo Ya Yi Furfura

"Mama, zinariya ma tana yin furfura?"

Maman Aku tana durƙushe a kan kafet tana ba jaririnta Tulu abinci lokacin da tambayar ta faɗo tsakiyar falo. Ta ɗago kai. 'Yarta ta fari, wadda ba ta daɗe da shiga makaranta ba, tana tsaye a gaban Goggo, yayar babanta, ta ƙura wa hannun baƙuwar ido. Ba banza aka laƙaba wa yarinyar nan Aku ba. Duk abin da ya shiga kunnenta sai ya fito ta bakinta, kuma ba ta zaɓen wuri.

Goggo ta yi wuf ta cusa hannun cikin mayafi. Wannan ne ya sa Maman Aku ta tsargu. Zoben zinariyar Goggo ba abin ɓoyewa ba ne. Da hannun zoben take gaisawa, da shi take nuna wa direba hanya, ko ƙaiƙayi ne ya kama ta a gaban mutane da shi take sosawa.

"Ke, tafi can," in ji Goggo. "Bakinki kamar rediyon da maɓallinsa ya lalace."

"Yaya, mu gani mana," in ji Maman Aku.

Da ƙyar hannun ya fito. Rabin zoben yana nan da jansa, ɗaya rabin kuwa ya yi fari fat, wani irin fari mara kyan gani, kamar gindin tsohon gwangwani.

"Sabulun wanki ne," in ji Goggo. "Sabulan yanzu duk guba ne."

"Ba sabulu ba ne!" Aku ta yi tsalle. "Ruwan azurfa ne. Ranar da kika tsince shi a nan, da abin nan ya fashe, Baba ya ce..." Sai ta kama bakinta da hannu biyu. Ta cikin yatsunta ta ƙarasa: "Baba ya ce kar in faɗa."

A baranda, inda Baban Aku yake zaune yana kwance dutsen guga, ƙarar sukundireba ta tsaya cak.

Gyaran kayan wuta shi ne sana'arsa, kuma ba ya barin ta a shago. Rabin barandar gidan fankoki ne marasa fuka-fukai da rediyoyi masu buɗaɗɗen ciki. Ya leƙo yana murmushin da bai kai ido ba.

"Ba wani abu ba ne fa. Mun san halinki ne, shi ya sa muka ɓoye miki. Ke da ƙuda in ya sauka a kofi sai kin tafasa kofin."

"Ina ji," in ji Maman Aku. "Me ya fashe?"

Labarin ya fito guntu-guntu, wannan ya faɗi rabi ya tura wa wancan. Tun farkon mako ne, ranar da aiki ya riƙe ta a shagon ɗinki har yamma, Goggo ta zo ta zauna da yara. Jikin Tulu ya ɗan yi ɗumi. Aka ɗauko ma'aunin zafi na gidan, mai batir, ya ƙi kawo wuta, saboda Baban Aku ya cire batirin ya gwada agogon wani mai gyara, ya manta bai mayar ba. Sai Goggo ta zazzage jakarta ta fito da nata, tsohon na gilashi mai farin layi a ciki, wanda ta ce da shi ta reni 'ya'yanta duka. Tana kaɗa shi ya suɓuce, ya daki gefen tebur, ya tarwatse.

"A ina?"

Goggo ta nuna da haɓa. Daidai wurin da Tulu yake zaune, ƙafafunsa a baje, yana dukan kafet da tafin hannu yana kai wa baki.

Maman Aku ta sure shi ta ɗora a kwankwaso.

"Zaiba ce kawai, farin ruwan nan na cikin ma'aunin," in ji Goggo. "Na tsince gilasan tas. Ita ce dai mai taurin kai, in ka kama ta sai ta gudu. Da na gaji da bin ta da yatsa sai na sa cokali."

"Wane cokali, Yaya?"

Aku ce ta amsa, cikin murnar wanda ya san amsa a aji.

"Wannan na hannunki!"

Ƙaramin cokalin roba ne, rawaya, wanda Tulu ba ya karɓar abinci sai da shi. Har yanzu akwai sauran abinci a jikinsa. Maman Aku ta dube shi kamar an ɗora mata mataccen ɓera a hannu. Ta tuna safe da rana da yamma, duk kwanakin nan, tana cewa "haa, buɗe baki", shi kuma yana buɗewa. Ta saki cokalin cikin kwano.

"Ai na ɗauraye," in ji Goggo. "Har sau biyu."

"Ita zaibar tana ina?"

"Tana wurina!" in ji Aku. "Goggo ta ba ni. Na sa su a kwalin ashana a ƙarƙashin filona. Mama, suna da kyau. In sun haɗu sai su zama uwa ɗaya, in na taɓa ta sai ta haihu."

Ƙarƙashin filo. A ɗakin da yaran biyu suke kwana, ƙofa a rufe, taga a rufe saboda hayaƙin motocin titi.

"Sauran da suka shige cikin kafet kuma kar ki damu," in ji Baban Aku, ya ɗan samu ƙwarin gwiwa. "Na sa inji. Ko ƙwaya ɗaya bai bari ba."

Injin shara ne mai zuƙe ƙura, ja, mai dogon hanci. Wani ne ya jefar da shi, Baban Aku ya tsinto, ya yi mako yana fama da shi har ya tashi. Tun daga nan ya zama ɗan gida. Kullum da safe kafin ya fita sai ya zagaye falo da shi, ko da datti ko babu. Tulu kuma ba shi da abin wasan da ya kai shi. Da ya ji ƙara sai ya rarrafa ya bi bayan injin, ya kai fuska daidai ramin da iska mai ɗumi take fitowa, ya wangale baki yana dariya, gashinsa yana tashi. Har hoto Maman Aku ta taɓa ɗaukarsu.

Maman Aku ba likita ba ce. Abin da ta sani kawai, abin da ya iya cin zinariya ba abin da za a bari kusa da jariri ba ne. Ta ɗauki waya ta kira nas ɗin da take yi wa Tulu rigakafi, ta buɗe murya yadda kowa zai ji, ta faɗa mata komai.

"Tsaya, tsaya," in ji nas. "Kika ce inji? Injin shara?"

"Kullum da safe."

"Wayyo. Wa ya aike ku? To saurara. Yanzu-yanzu ki fitar da yaran daga gidan. Ita zaiba, ba ƙwayoyin da kike gani ne suka fi ba mu tsoro ba, tururinta ne. Tana tashi a hankali, ba wari, ba launi, mutum yana shaƙa bai sani ba. Injin nan kuwa farfasa ta yake yi, ya ɗumama ta, ya feso ta ta baya. Kuma wanda ya fi kusa da ƙasa shi ya fi kwasa."

"Me take yi wa yaro?"

"In ya daɗe yana shaƙa, tana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda. Wani yaron ka ga ya koma rigima, ya ƙi abinci, ya yi tari, hannuwa su yi ja. Ban ce ya kamu ba, kar ki faɗi a nan. Ma'auni ɗaya in an kwashe shi yadda ya dace, yawanci ba a samun matsala. Naku ne aka yi masa hidima da yawa. Ki kawo su duka biyun a auna su."

Maman Aku ta dubi Tulu. Kwana biyun nan yana ƙananan koke-koke, yana ture abinci, yana ɗan tari da safe. Kowa ya ce haƙori ne. Ita ma ta ce haƙori ne.

Nas ta ci gaba: a buɗe tagogi, a rufe ƙofofin sauran ɗakuna, kar a sa tsintsiya, kar a zuba a magudanar ruwa, a cire zobe da awarwaro kafin a taɓa komai. Wurin da abin ya zube a kafet a yanke a fitar. Filo da zanin gadon yarinya su ma su tafi.

"Shi kuma injin?" in ji Baban Aku daga nesa.

"Wannan maigidan ne? Sannu da aiki, yallaɓai. Injin ya gama yawo. A ɗaure shi a leda."

Maman Aku ta goya Tulu, ta kama hannun Aku. Injin yana jingine a lungun bakin ƙofa. Suna zuwa daidai wurin Tulu ya fara zillo a bayanta, ya miƙa wuya, ya wangale ɗan bakinsa mai haƙora biyu yana jiran iska. Ta ga Baban Aku ya gani. Ya kawar da kai.

Ta kai su gidan maƙwabciya a hawan ƙasa, ta wanke musu hannu da fuska da sabulu, ta canza musu kaya, ta ƙulle waɗanda suka cire a leda. Aku tana ta kuka a bar mata 'ya'yanta na kwalin ashana.

Da ta dawo sama, ta tarar da Goggo ta miƙe ƙafa a kan kafet kamar mai gadin fili.

"Wai yanka shi za ki yi? Kafet ɗin da na kawo muku ranar da kuka tare a gidan nan? Ni na zaɓo shi da kaina, na bi shago-shago ƙafata har ta kumbura."

"Na sani, Yaya. Ban manta ba."

"Mu muna yara a tafin hannu muke wasa da zaiba. Ga mu nan, me ya same mu? Ku 'yan yanzu ko iska ta kaɗa sai kun kira likita. Sarauniyar tsafta!"

"Yaya, a tafin hannu kuka yi wasa da ita, a waje. Ba a kulle ku da ita a ɗaki ana hura muku a baki ba. Dubi zobenki. In ta yi wa zinariya haka, ni ba zan tsaya in ga abin da za ta yi wa ɗana ba."

Goggo ta dubi zoben ta taɓe baki. "Wannan ai da na koma gida zan ɗora shi a wuta, farin ya ƙone."

"A kicin ɗinki? Ki tsaya a kansa kina shaƙa? Ba ki ji ta ce zafi ne yake tayar da ita ba? Don Allah cire shi ki sa a nan."

Ta miƙa mata ƙaramar leda. Goggo ta yi ta jan yatsa tana ƙunƙuni kafin zoben ya fita, ya bar farin zagaye a wurin.

A lokacin ne Maman Aku ta ji ƙarar sukundireba daga baranda.

Ta same shi a tsugune, ya shimfiɗa jarida, injin yana gabansa ya riga ya cire murfin.

"Baban Aku! Me aka ce maka?"

"Ki bari ki gani. Ba abin da ba ya gyaruwa. In zazzage jakar, in wanke hancin, in busa motar da ke juya shi, shi ke nan ya koma sabo. Ita nas allura ta sani, ba ta san inji ba."

Yana magana yana jan jakar ƙurar. Tsohuwa ce, shi ya ɗinke ta da kansa, sai ta yage a hannunsa. Abin da ke ciki ya zubo kan jarida a dunƙule, kamar wata dabba mai furfura da ta daɗe da mutuwa. Gashin kai ne a cukurkuɗe da zare, da yankakkun farce, da busassun guntayen biskit, da ƙafafun kyankyaso, da wata 'yar safar Tulu da aka daɗe ana nema. Wani tsami mai ɗumi ya bugi hancinta. A cikin wannan ƙazanta kuma, ko'ina, wasu 'yan ƙananan idanu suna ƙyalli. Ba su da iyaka. Sun fi ƙwayar gishiri ƙanƙanta, sun manne a gashi, sun manne a safar, sun bi bangon injin sun yi masa toka-toka har cikin raga ta baya inda iska take fita.

Maman Aku ta juya ta kama ƙarfen baranda. Ta tofar da yawu, ta goge baki da gefen zani, ta juyo.

"Wanke," ta ce. "Fara. Ina so in ga ta inda za ka fara."

Ya ɗauki sukundireba ya taɓa ƙwaya ɗaya a jikin ragar. Ta rabu gida uku, kowace ta gudu ta shige rami.

"Nan yake sa bakinsa," ta ce, ta nuna ragar. Muryarta ba ta tashi ba. "Daidai nan. Kai kana turawa, shi yana bi, ni ina ɗaukar hoto."

Ya daɗe yana kallon ragar. Sai ya ajiye sukundireba a hankali, ba a cikin akwatin kayan aiki ba, a kan jaridar, tare da dattin.

"Kawo manyan ledojin nan," ya ce.

Suka sa safar hannu ta roba. Ya naɗe jaridar da duk abin da ke kanta, ya tura cikin leda tare da injin da hancinsa, ya ƙara wata ledar a kai, ya bi da salatif har ya zama kamar gawa. Ita kuma ta ɗauko babban almakashinta na shago, wanda ba ta yarda kowa ya yanka ko takarda da shi. Ta ɗaura leda a kan takalmanta, ta durƙusa a falo. Ba ta tsaya iya inda Goggo ta nuna ba. Duk inda injin ya saba bi, nan almakashin ya bi. Kafet mai kauri ne, yana ƙara yana tirjewa, yatsunta suka yi ja. Tana yanka tana naɗewa ciki-ciki don kada wani abu ya zubo.

Goggo tana tsaye a bakin ƙofa, hannu a ƙirji. "Ko gefen nan ba za ki bar mini ba? Na wajen kujera, ai babu ruwansa."

"Babu, Yaya."

Da ƙasa ta fito fili, Baban Aku ya kwanto da tocila ya haska ta gefe. Ga su nan a tsagin tayil, suna ƙyalli. Da 'yan guntayen kwali biyu ta riƙa tura su suna haɗuwa, ta kwashe cikin kwalba mai murfi. Ƙananan kuma ta danna musu salatif. Kwalin ashanar Aku ba a ko buɗe shi ba, haka ya shiga kwalbar. Filo, zanin gado, cokali mai rawaya da kwanonsa, duk suka bi leda. A ƙarshe ta dubi almakashin, ta ji zafi a ranta, ta sa shi a ciki shi ma.

Ba ta bari an kai ledojin bola ba, inda yaran unguwa suke tone-tone. Ta rubuta a jiki cewa akwai zaiba, aka kulle su a ɗakin ajiya na waje, kafin asibiti su faɗa musu inda ake karɓar irin wannan.

A asibiti likita ya duba bakin yaran da hannuwansu, ya sa Aku ta taɓa hancinta da yatsa, ya karɓi fitsarinsu don a auna. Ya ce kar su koma gidan sai ya sha iska sosai. Don haka gidan Goggo suka tare, ita ta matsa ma. Ta ba su ɗakinta ta koma falo, ba ta sake kiran kowa sarauniyar tsafta ba, sai dai duk wanda ya tambaye ta zobe ta ce yana wurin gyara.

Jiran sakamakon ya fi yankan kafet wuya. In Tulu ya yi tari, sai Maman Aku ta zabura ta ɗauke shi. In ya yi barci, ta buɗe tafin hannunsa tana dubawa ko ya yi ja. Ko murfin tukunya ta ga yana ƙyalli sai tsigar jikinta ta tashi.

Ranar da suka koma asibiti, likita bai ɓoye mata ba. An ga zaiba a jikin yaran biyu, ta Tulu ta fi yawa, ta haura abin da ya kamata a gani a jikin yaro. Amma ba ta kai ta kwanciya asibiti ba. Tunda an raba su da ita, ya ce, yana sa ran jiki zai fitar da ita a hankali, su dawo a sake aunawa.

"Da an ƙara wasu makonni ana kunna injin nan fa?" ta tambaya.

Ya dube ta ta saman tabarau. "Ba a ƙara ba. Ki tsaya a nan."

Baban Aku yana tsaye a bayanta da Tulu a kafaɗa. Ta ji ya sauke numfashi. Da suka fito, ya laluba aljihu ya miƙo mata wani abu ba tare da ya dube ta ba. Ma'aunin zafi ne na gida, mai batir. Ta danna, ya kawo wuta.

Falon yanzu tayil ne zalla, sanyi ƙalau. Aku tana cewa gidansu ya yi sanƙo. Tulu kuma har yau in gari ya waye sai ya rarrafa zuwa lungun bakin ƙofa, ya zauna, ya buɗe baki yana jira. Duk ranar da uwarsa ta ga haka, sai ta ajiye abincin da ke hannunta ta je ta ɗauke shi.

Kai mai karatu, ke mai karatu, in akwai tsohon ma'aunin zafi na gilashi mai farin layi a durowarku ko a jakar wata goggo, ku raba shi da gidan tun bai fashe ba. In kuwa ya fashe, ku fara fitar da yara da mai ciki, ku buɗe taga, ku kira ma'aikacin lafiya. Kar ku taɓa da hannu, kar ku sa tsintsiya, kar ku kusanto da injin shara, kar ku zuba a magudana, kar ku ba yaro don ya ce tana da kyau. Kuma kar ku ɓoye wa uwar yaran don gudun faɗanta. Faɗanta zai wuce kafin yamma, abin da yaro ya shaƙa kuwa ba a san ranar fitarsa ba.